ASI kore, akawun ɗina ja: da wane ma'auni kuke auna jarinku?

Abu_Safwan_Kn:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar hannun jari. Akwai abin da ya daɗe yana damuna ina so mu tattauna. Kullum da yamma in an tashi kasuwa za ka ga an rubuta ASI, wato ma'aunin da ke haɗa dukan kamfanonin kasuwar hannun jarin Najeriya (NGX), ya hau kaza, kasuwa ta ƙaru da biliyan kaza, ko'ina kore, amma in ka buɗe naka akawun ɗin sai ka tarar ko bai motsa ba ko ma ya yi ƙasa. Manhajar da nake amfani da ita lambar ASI kawai take nuna min, sai jerin waɗanda suka fi hawa da waɗanda suka fi faɗuwa, shikenan. Ba ta gaya min wane ɓangare ne ya ja kasuwar, bankuna ne ko siminti ko mai, ba ta gaya min yadda nawa jarin yake in aka gwada shi da 'yan ɓangarensa. Ni a ganina kayan aikin da ake ba mu mu ƙananan masu zuba jari sun yi rauni ƙwarai. Ku da me kuke aunawa? Kuma da a ce za a gyara, me ya kamata a fara sakawa?

Maman_Khalil:
Wa'alaikumus salam. Wallahi kamar ka shiga zuciyata Malam. Ni har na ɗauka nawa zaɓin ne kullum ba sa'a.

Injiniya_Sadi:
Hajiya ba maganar sa'a ba ce, yadda aka gina ma'aunin ne. ASI tun 3 ga Janairu 1984 aka fara shi daga 100, kuma nauyin kowane kamfani a cikinsa daidai da girman darajarsa ne a kasuwa, wato yawan hannun jarinsa gaba ɗaya sau farashi. Toh a kasuwar da kamfanoni kusan 150 ne amma 'yan ƙalilan irin su Dangote Cement, MTN, Airtel Africa, BUA Foods da BUA Cement suka rinjayi sauran nesa ba kusa ba, abin da suka yi shi ASI zai yi. Misali a ce kamfani ɗaya nauyinsa kashi 15 ne, ya hau kashi 10 a rana wanda shi ne iyakar da doka ta yarda, ASI ya hau kashi 1.5 kenan ko da duk sauran suna kwance. Gobe jarida ta buga kasuwa ta yi kyau, alhali kamfani ɗaya ne ya yi kyau. Abu na farko da nake so kowace manhaja ta saka shi ne ta nuna gudummawar kowane kamfani a motsin ranar, wane ya sa maki nawa wane ya cire maki nawa. Ba lissafi ne mai wahala ba, alƙaluman duk suna hannunsu.

Ɗan_Dawanau:
Mu a kasuwar hatsi wannan ba baƙon abu ba ne. In masara ta tashi sai ka ji mutane suna cewa kaya sun tashi a Dawanau, amma kai da ka kimshe riɗi a sito me ya shafe ka? Farashin riɗi za ka tambaya. Shi ya sa ni na daina kallon ASI tuntuni, ma'aunin ɓangarori nake dubawa, na bankuna da na inshora da na kayan masarufi da na mai da iskar gas da na masana'antu.

Abu_Safwan_Kn:
Alhaji a ina kake ganinsu? Tawa manhajar babu su sam.

Ɗan_Dawanau:
Suna shafin NGX, kuma rahoton da suke fitarwa ƙarshen kowane mako yana ɗauke da su duka, da yadda kowane ya yi a mako da wata da kuma daga farkon shekara. Matsalar dai takarda ce, sai ka sauke ka zauna kana ƙura ido a waya.

Hafsat_Akanta:
Ina da gyara kaɗan ga Alhaji na Dawanau, da girmamawa. Su ma'aunin ɓangarorin nan ma suna da irin ciwon ASI ɗin. Ku duba na masana'antu, sunansa masana'antu amma in ka leƙa ciki siminti ne, Dangote Cement da BUA Cement da Lafarge Africa su ne kusan komai, mai fenti ko mai kwalba da ke ciki ko ya ninka da ƙyar allurar ta motsa. E ana sa wa nauyin manya iyaka a lissafin, amma duk da haka su ne ke jan akalar. Sannan babban abin da ya fi ɗaure min kai, MTN ya shigo kasuwa a watan Mayu 2019, Airtel ya biyo a Yuli na shekarar, amma a waɗannan ma'aunai biyar da jaridu ke kawowa kullum babu na sadarwa. Geregu ya shigo 2022, Transcorp Power 2024, wutar lantarki ita ma ba ta ciki. Presco da Okomu masu manja, noma ba ya ciki. Kenan za ka iya ganin ɓangarori biyar duk sun yi ja amma ASI ya yi kore, ka rasa daga ina, alhali Airtel ne ya motsa.

Injiniya_Sadi:
Wannan gaskiya ne Malama Hafsat. A Amurka kamfanonin haɗa ma'auni S&P da MSCI tun 1999 suka yi tsarin rarraba kamfanoni, yanzu ɓangarori 11 ne, kowane kamfanin da ke S&P 500, ma'aunin manyan kamfanoninsu 500, yana da gidansa, in ka tara ɓangarorin za su ba ka kasuwar dukanta. Mu namu in ka tara biyar ɗin akwai rami.

musty_kd:
ni fa duk wannan lissafin ban ganshi da amfani ba gsky, ka sayi kamfani mai kyau ka ajiye shikenan. wadanda sukayi kudi a harkar nan ba zane suke kallo ba

Hafsat_Akanta:
Musty toh da me za ka gane mai kyau ne in ba ka gwada shi da komai ba? In bankinka ya hau kashi 10 a shekarar da sauran bankuna suka hau 40, ka yi murna ko ka tambayi me ke faruwa a cikinsa?

musty_kd:
indai yana biyana riba duk shekara ba ruwana da sauran

Dattijo_Zazzau:
Yaro na Kaduna yana da tasa gaskiyar, amma bari in gaya muku abin da muka gani da idonmu. A watan Maris 2008 ma'aunin nan ya kai sama da 66,000. Lokacin kowa ya zama masani, malaman makaranta, 'yan fansho, 'yan kasuwa, har bashi bankuna ke ba mutane su sayi hannun jari. Mu muna kallon lamba ɗaya tana hawa muna jin daɗi, ba wanda ya zaunar da mu ya ce fiye da rabin kasuwar nan bankuna ne, in suka tafi kowa ya tafi. Kafin shekara ta zagayo ta dawo wajen 20,000. A watan Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan babban banki ya sauke shugabannin wasu bankuna, sannan aka ga abin da ke ƙarƙashin tabarma. Ni ina da hannun jari a wani banki da ya nutse a lokacin, kuɗin sallamata ne daga aiki. Kuma ku sani ASI bai sake taka inda ya taka a 2008 ba sai a 2023, shekara 15. Da a ce akwai abin da ke nuna wa mutum ƙarara cewa kashi kaza na kuɗinka a ɓangare ɗaya yake, kashi kaza na kasuwar ma a nan yake, da wasu sun rage kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Don haka ni abin da nake so a saka shi ne gargaɗi, ba ado ba.

Maman_Khalil:
Allah sarki Baba, Allah Ya mayar da alheri. Mahaifina ma haka ta same shi, har yau in ya ji ana maganar hannun jari tashi yake.

Abu_Safwan_Kn:
Amin. Baba maganarka ta shige ni, don yanzu da na duba nawa kusan duk bankuna ne, kuma ba wata manhaja da ta taɓa nuna min hakan a fuska ɗaya.

Sani_Lissafi:
Akwai wani abu da ba a taɓo ba, shi ne hannun jarin da ke yawo a kasuwa da gaske. ASI yana lissafa kamfani da dukan hannun jarinsa, har da wanda mai kamfanin ya riƙe ba ya sayarwa. A Dangote Cement da BUA Cement da BUA Foods masu su na riƙe da sama da kashi 80, abin da ya rage a hannun jama'a ɗan kaɗan ne, kenan ciniki kaɗan zai iya ɗaga farashi kuma ya ɗaga ma'aunin ƙasa gaba ɗaya. Ba laifin kamfanonin ba ne, tsarin awon ne. S&P 500 tun 2005 suka koma lissafi da wanda ke yawo kawai. Kuma suna da wani nau'in ma'aunin da kowane kamfani nauyinsa ɗaya da na kowa, in ka ajiye su biyun gefe da gefe nan take za ka gane ko kasuwa ce ke tafiya ko manya ne kawai. Ni na haɗa irin wannan da kaina a Excel da kamfanonin NGX 30, wato manyan kamfanoni 30 na kasuwar, duk Juma'a nake cika farashi, kuma akwai makonnin da biyun ke fuskantar gabas da yamma.

Ɗan_Dawanau:
Malam Sani ko za ka taimaka ka saka mana shi a nan?

Sani_Lissafi:
Zan saka in sha Allah, sai dai a sani duk lokacin da kamfani ya ba da kyautar hannun jari ko ya ƙara sabbi sai an gyara da hannu, in ba haka ba zai nuna kamar ya faɗi alhali bai faɗi ba. Kuma NGX na sake duba 'yan cikin ma'aunan sau biyu a shekara, wasu su fita wasu su shigo, shi ma sai an bi.

Ummu_Ammar:
Ni tambayata daban ce 'yan uwa. Mu da muke kauce wa bankunan ruwa da kamfanonin giya, wane ma'auni ne namu? Don na kayan masarufin da ake ta ambata akwai Nigerian Breweries da Guinness a ciki, na bankuna kuwa ba a magana. In na gwada kaina da su kamar ina gwada kaina da abin da ba zan taɓa saya ba ne.

Malam_Bashir_Gusau:
Hajiya akwai NGX Lotus Islamic Index, tun 2012 aka fito da shi tare da Lotus Capital. Ana tace kamfanoni hawa biyu, na farko sana'ar kanta, a cire masu harkar ruwa da giya da caca da taba da makamantansu, na biyu a duba littafin kuɗinsu, yawan bashin da ke kansu da kuɗin ruwan da ke shigo musu kada ya wuce ƙa'ida. Akwai ma asusun Lotus Halal da ake saye da sayarwa a kasuwa kamar hannun jari, yana bin ma'aunin. Abin da nake ganin ya rage shi ne manhajoji su sa alama a gaban kowane kamfani ko yana ciki ko ba ya ciki, da ranar da aka yi tantancewar ƙarshe, saboda kamfani zai iya tsallakewa bana baɗi ya ci bashi ya faɗo. Sannan a nuna kason da mutum zai fitar daga ribarsa don tsarkakewa, wannan yanzu kowa kame-kame yake yi.

Ummu_Ammar:
Jazakallahu khairan Malam. Jaiz fa?

Malam_Bashir_Gusau:
Jaiz banki ne marar ruwa, ya fara aiki 2012 ya shiga kasuwa 2017, ta fuskar sana'a ba matsala. Amma halaccin sana'a daban, kyawun farashi daban, wannan sai ki duba da kanki.

Yakubu_Jos:
Ni ba Musulmi ba ne amma ina bin wannan ma'aunin saboda tace masu bashi da yawa da yake yi. Kun ga abin da ya faru bayan an saki naira a Yuni 2023, kamfanonin da ke da bashin dala sun sha wuya, MTN ya yi asara a 2023 da 2024, Nestle ma ya yi, Nigerian Breweries ma haka. Da akwai manhajar da za ta ware maka kamfanoni gida biyu, masu samun dala da masu biyan dala, da ta fi rabon ɓangarorin da muke da shi amfani a wannan lokacin. Seplat mai haƙar mai da masu manja suna gefe ɗaya, masu shigo da kaya daga waje suna ɗaya gefen.

Injiniya_Sadi:
Amma Yakubu MTN ɗin da ka ambata ai kamfani ne da sana'arsa ba ta da matsala a tantancewar, kenan tacewar ba ta kare mutum daga faɗuwar naira. Ka raba biyun.

Yakubu_Jos:
Ban ce tana karewa duka ba yallaɓai, ragewa na ce.

Hafsat_Akanta:
Tunda an zo maganar naira bari mu yi lissafin 2024 a fili. ASI ya rufe 2023 a 74,773, ya tsallake 100,000 a Janairu, ya rufe shekarar a 102,926, hawan kashi 37.65. Kowa ya yi tafi. Amma hauhawar farashi a Disamba 2024 kashi 34.8 ce a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS. In ka cire, abin da ya rage a hannunka bai kai kashi 3 ba. In kuma da dala kake auna dukiyarka, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 900 ta wuce 1,500, kenan asara ce ta kusan kashi ɗaya bisa biyar. A shekarar kuma na mai da gas ya ninka fiye da biyu, na inshora ma ya ninka, na bankuna ya tsaya a bayan ASI saboda babban banki ya ce su ƙara jari, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, suna ta fito da sabbin hannun jari. Shekara ɗaya, kasuwa ɗaya, amma labari ya kai biyar. Ina so in danna maɓalli ɗaya in ga zanen a naira, in sake dannawa in gan shi bayan an cire tsadar kaya, in sake in gan shi a dala.

musty_kd:
toh kingani anti, kuma duk lissafin nan naki baki saka ribar da ake rabawa ba. abinda nake fada kenan tun dazu

Hafsat_Akanta:
Nan kam ka taɓo wuri ƙanina. ASI ɗin da ake nuna mana farashi kawai yake bi, ribar da kamfani ke rabawa ba ta ciki, hasali ma ranar da aka rufe rajistar waɗanda za su karɓi ribar ana rage farashin daidai da ribar sai ya zama kamar faɗuwa. Mai riƙe da Zenith ko GTCO ko UBA shekara da shekaru abin da ya samu ya fi abin da zanen ke nunawa. Sai a ba mu ma'auni mai haɗa riba, kuma a cire harajin kashi 10 da ake yanka kafin ta iso akawun.

Ɗan_Maradi:
Salamu alaikum daga Nijar. Mu tamu kasuwar BRVM ce da ke Abidjan, ƙasashe takwas ke tarayya a cikinta, daga nan Bank of Africa Niger na ciki. Muna da BRVM Composite, kuma a farkon 2023 suka ajiye BRVM 10 suka kawo BRVM 30 da wani wai shi Prestige. Damuwarku ta naira mu ba mu da ita sosai tunda sefa na ɗaure da yuro a 655.957 kan yuro ɗaya, amma damuwar babba ya danne ƙanana muna da ita, Sonatel ta Senegal in ta motsa kowa sai ya ji. Kuma yawancin kamfanonin na Kodebuwa ne, kenan ma'aunin ba ya gaya maka komai kan tattalin arzikin Nijar. Ni ina son abin da zai bar ni in ɗora NGX da BRVM a zane guda da kuɗi iri ɗaya, don muna da 'yan uwa masu jari nan da can.

Zongo_Kumasi:
Mu ma a Gana haka ne, tun da MTN ya shiga kasuwar a 2018 shi ne mai gida. Gaisuwa ga kowa.

Dattijo_Zazzau:
Madalla da baƙinmu. Amma ina tsoron abu ɗaya, kada a cika wa mutane waya da zane-zane su koma saye da sayarwa kullum, dillali na cin kamashonsa su suna ƙarewa. Wanda ya ga ɓangaren inshora ya ninka bara zai ruga ya saya bana, lokacin da masu wayo ke fita. Kayan aiki mai kyau a hannun mai gaggawa ba ya hana shi asara.

Sani_Lissafi:
Gaskiya ne Baba, shi ya sa nake ganin dole a haɗa da yawan ciniki. Wasu ƙananan kamfanonin inshora za ka ga sun hau kashi 10 kwana da kwanaki, amma je ka sayar da mai yawa ka ga ko akwai mai saye. A nuna kuɗin da ke juyawa a kowane ɓangare a rana, a nuna kamfani nawa suka hau nawa suka sauka nawa ko ciniki ba a yi ba. In ASI na hawa amma masu sauka sun fi masu hawa yawa sati biyu a jere, ni a wurina alama ce ta a yi hattara.

Abu_Safwan_Kn:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma har yanzu tambayata ta biyu na nan, wa zai yi gyaran? NGX ne, ko dillalai masu manhaja, ko mu za mu haɗa namu?

Injiniya_Sadi:
Dillalai ne ya kamata, su ke cin kamasho a jikinmu. Sai dai bayanan kasuwa na kai tsaye sayensu ake yi, ba kyauta ba ne, kuma ƙaramin dillali zai ce masu tambayar irin wannan ba su da yawa. In muka yi ta tambaya za su saka.

Hafsat_Akanta:
Ni ina ganin daga sama za a fara. Dillali ba zai ƙirƙiro ma'aunin sadarwa ko na lantarki kowa ya yarda da shi ba, sai kasuwar da kanta. Kuma kar mu manta FTSE Russell, masu haɗa ma'auni na waje, sun cire Najeriya daga rukunin da suka sa ta a Satumba 2023, MSCI ma suka ware ta a Fabrairu 2024 saboda wahalar fitar da dala, wannan ya nuna ma'aunan waje don baƙi aka yi su, mu namu na gida ne ya kamata ya yi ƙarfi.

Ummu_Ammar:
Ni dai ko bayani da Hausa a samu a ciki. Mata da yawa a unguwarmu suna da kuɗin adashi suna son shiga, Turancin ne ke korarsu.

Maman_Khalil:
Wallahi kuwa. Malam Sani in ka saka naka ɗin dan Allah ka yi kan kowane layi da Hausa.

Sani_Lissafi:
Ba damuwa Hajiya, zan yi. Abin da ya rage min shi ne tsofaffin farashi, nawa daga 2021 ya fara. In akwai mai ajiyar rahoton mako-mako na kafin nan, ko da na 2019 da 2020 ne, ya turo min ta akwatin sirri, ina so in ga yadda ɓangarorin suka yi lokacin korona, tunda a 2020 ɗin ASI ya hau kashi 50 kuma ina zargin kamfanoni ƙalilan ne suka ɗauke shi.

Ɗan_Dawanau:
Ina da na 2020 a tsohuwar kwamfuta, bari yaro ya dawo daga makaranta ya nemo min. Na 2019 kam sai dai a tambayi Baba na Zazzau.